Mai Jan Bindi a Kan Ƙarfen Sabis

Bayan Ƙofar Guga, inda birni ke ƙarewa
gonakin gero su karɓa,
nan nake gadin ƙarfen sabis.
Shekara bakwai. Kujera ɗaya, buta, rediyo,
da janareta mai tarin da ba ya warkewa.

A da gawo uku ne a nan.
Zarto ya cinye biyu, iska ta kayar da ɗaya.
Da aka rasa reshe sai ga shi,
shaho mai jan bindi, ƙirji ɗigo-ɗigo
kamar an fesa masa ruwan goro.
Ya ɗora ƙirare can inda jar fitila ke ƙyaftawa,
bai nemi izinin kamfani ba,
ni ma bai yi mini sallama ba.

Da hantsi, in ƙasa ta ɗau zafi,
sai ya saki jiki ya kwanta wa iska.
Ba ya kaɗa fiffike. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan:
ni ina gumi kafin in ɗaga jarka,
shi yana hawa sama a kwance,
rana ta ratsa bindinsa
ya koma launin jar ƙasar yaɓe.
Kukansa ɗaya, siriri, dogo,
irin na ƙyauren da ya manta da mai.

Tasalla ba ta son jin sunansa.
'Yan tsakinta tara sun koma biyar.
Ta rina su da garura, suka fito jajawur
kamar 'yan biki, wai don ido ya ruɗe.
Na ce shirwa ce, ki dubi bindin, a tsage yake,
irin masu jewa a kan mayanka.
Ta ce, "Barau, farce farce ne.
Kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa.
Kai da ba ka da ko tsako, yi ta alƙalanci."

Na yi shiru, don na ga na ranar Laraba.
Inuwa ta riga tsuntsun isowa,
ƙura kaɗan, tsiyak ɗaya,
uwar ta yi ta kewaya wurin da babu kowa.
Ba shirwa ba ce. Ban faɗa mata ba.

Amma in na yi shara a gindin ƙarfen,
ga ƙasusuwan ɓera, ga kan ƙadangare,
ga rabin kububuwa, wadda ƙila ta kwana
taku biyu daga tabarmata.
Wa zai yi mini wannan lissafi?
Tsako nawa ne kuɗin maciji ɗaya?

Ungulu kam mun daina gani.
Muna yara sun fi mahauta yawa a kasuwa,
ana cewa ba ta jewar banza.
Jikana ya san karin maganar, bai san tsuntsuwar ba.

Jiya Injiniya Sirajo ya zo da igiya da hular kwano.
An rubuto daga ofis: a kwashe sheƙa, tana taɓa waya.
Ya hau. Na riƙe masa igiya, bakina a bushe.
Su biyu suka tashi, macen ta fi girma,
ta wuce gefen kunnensa kamar an wulla lauje.
Ya daɗe a can.
Da ya sauko bai dube ni ba, yana ta kwance ɗamara.
"Biyu ne," ya ce, "farare, duk baki.
Baba, kwana nawa suke yi kafin su tashi?"
Na ce Allah masani, ƙila wata da rabi.
Ya ciro takarda ya rubuta: an duba.

Da magariba na tsinci gashi ɗaya jikin shinge,
ja, da baƙin layi dab da ƙarshe.
Na soke shi a hannun rediyo.
In an biya mu zan saya wa Tasalla akurki
mai rufin raga, daga albashina,
in ce mata kamfani ne ya bayar.